Jikokin Masu Hijira Sun Fita Miƙe Ƙafa

Ba a zaman shayi a gidanmu a tashi ba a ambaci Burmi ba. Kawu ne mai riƙe da tarihin: yadda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a can a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. "Da ƙafa!" in ji Kawu, yana dukan cinya. "Ba jirgi, ba mota!" Daga nan sai ya ƙwala wa yaro kira daga bayan gida ya zo ya miƙo masa butar da ke gogar gwiwarsa.

Wani hunturu, tun kafin yaƙin 2023 ya hana kowa sakat, ƙanena ya dawo daga karatu a Hartum da sabon ilimi. Wai tafiyar ƙafa magani ce, wai a can mutane kan je tsibirin Tuti, inda Nilu biyu suka haɗu, su yi ta tafiya ba mai korarsu. Ya ce mu ma mu yi rihla, mu haye wani ɗan tsibiri a ƙasan madatsar Sinnar, wadda Kawu bai daina kira Makwar ba, mu zaga gaɓarsa. Gwaggo ta ce ita ba ta ga dalili ba. Yankinmu Jazira ma ai tsibiri take nufi, shekara sittin tana zaune a kanta ba ta taɓa zaga ta ba, ga ta nan garau.

An tsai da fita bayan asuba. Ƙarfe goma ana neman murfin tukunya. Abin da aka loda wa motar ya haɗa da kisra faifai uku, miyar busasshiyar kuɓewa, godogodo a ƙwarya, buhun gawayi, kayan gahawar jabana har da turminsa, tabarmi, da gadon angarib ɗin Kawu, don bayansa ba ya son ƙasa. Sai ɗan akuya, wanda shi kaɗai ya iso bakin motar ba tare da ya yi ƙorafi ba. Mai kwalekwale ya dube mu, ya dubi kayan, ya ce, "Baba, wata hijirar ce kuma?" Sawu uku ya yi.

Muna sauka muka ci karo da wani manomin albasa, aka yi rashin sa'a Bahaushe ne. Gaisuwa ta Larabci, a sake ta da Hausa, sannan aka shiga tonon asali. Shi ya ce Bakano ne, Kawu ya ce Basakkwace, suka shafe rabin sa'a suna gardamar wane gari ya fi, alhali babu wanda ya taɓa ganin ko ganuwar ɗaya a cikinsu.

Sai aka fara tafiya. Na ƙirga, don ni shaida ne: taku ɗari da 'yan kai muka yi muka isa gindin wata bagaruwa. Gwaggo ta ce raina inuwa raina ni'imar Allah ne. Aka shimfiɗa tabarmi "na ɗan lokaci".

Abin da ya biyo baya kuwa an yi shi da himmar da ta dace da jikokin jarumai. Aka yanka akuya, aka barbaɗa ƙuli da yaji, aka jera agashe a bakin wuta, Kawu yana bayani da baki cike cewa duk Sudan daga wurinmu ta koyi wannan nama, har sunan ma namu ne, "a gashe". Wani masunci ya wuce da kifin bulti, aka ce ba kyau a bar bawan Allah ya koma da kaya, aka saye. Kawu ya kishingiɗa ya nuna madatsar da tsinken nama: an gama ta a 1925, tsawonta kilomita uku, mahaifinsa ya ɗauki dutsenta a ka. Ƙanena ya ce, "To Kawu, mu taka ko rabin hakan mana." Kawu ya ce, "Yaro, tsohona ya riga ya taka mana."

Dab da la'asar aka tuna da hoto. Kowa ya miƙe, Gwaggo ta ari sandar manomi, muka ɗaga ƙafa ɗaya kamar masu nisan zango, aka tura wa dangi na Jidda da Kano ta WhatsApp cewa mun zaga tsibiri. Addu'o'i suka yi ta shigowa.

Wayar ƙanena mai ƙirga taku ce ta so ta tona mana asiri, sai ga shi ta nuna dubbai. Ashe tun hantsi tana hannun 'yar autar gidan, wadda aka aika bakin ruwa ɗauko gishiri, ta dawo aka ce ashana, ta dawo aka ce ludayi, ta dawo aka ce ta je ta duba ko takalmin Gwaggo na cikin kwalekwale.

Da dare Kawu ya sa autar ta matsa masa ƙafafu, wai sun yi tsami. Maƙwabci ya leƙo ya ce, "Alhaji, an ce kun je tsibiri?"

"Da ƙafa!" in ji Kawu.