Yadda Za Ka Zaɓa wa Gurminka Tsirkiya Ba Tare da An Kai Ka Gaban Mai Unguwa Ba

Da zarar masara ta shiga rumbu a ƙasar Ƙaraye da Rogo, rake ya kama hanyar kasuwa, sai bukukuwa su kankama. A lokacin ne mai gurmi da mai kuntigi da mai kukuma ke sauko da abin kiɗansu daga inda suka rataye shi tun farkon damina, haka ma saurayin Unguwar Hajji da yayansa ya kawo wa jita daga Kano. Abin da suke tararwa ɗaya ne: tsirkiya ta tsinke, ko ta yi tsatsa, ko ta saki. Daga nan sai gaggawa ta sa a ɗaura duk zaren da hannu ya kai gare shi, a wayi gari abin kiɗa mai daraja yana kukan da ke tayar da karnukan unguwa.

Ɗan'uwa, haɗa tsirkiya da ƙoƙo aure ne. Ba a yin sa don kyan amarya ko tsadar lefe, sai an duba hali ya zo ɗaya. Ga shawarwari bakwai da za su sa a zauna lafiya.

Na farko: saurari ƙoƙon kafin ka je kasuwa

Cire tsohuwar tsirkiya, ka ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa, ka kasa kunne. Ƙaramin ƙoƙo mai ɗamammiyar fata amsawarsa siririya ce mai kaifi. Babban duma ko faffaɗan icce amsawarsa mai zurfi ce. Wannan ita ce muryar da aka haife shi da ita, kuma babu tsirkiyar da za ta sauya masa ita, sai dai ta fito da ita ko ta danne ta.

Abu uku ke mulkin muryar tsirkiya: kauri, tsawo da ɗauri. Mai kauri da mai tsawo ƙasa suke yi, siririya da gajeriya sama suke yi. Idan ka danne tsirkiya a tsakiyarta, karkarwarta ta ninka. Amma idan da ɗauri kake son kai ta can, sai ka ja ta ninki huɗu. Shi ya sa mai taurin kai da ya ɗaura kakkaurar waya yana murɗawa don ta yi siririyar murya yakan ƙare da karyayyen wuyan gurmi a hannu ɗaya da tabo a kumatu.

Na biyu: kuntigi na son waya, Baba kuma na son birkinsa

Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa sau da yawa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya. Da wannan ɗan abin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ya zagaya duniya yana yi wa talaka waƙa. Ƙaramin jiki irin wannan siririyar wayar ƙarfe yake so, wadda za ta fito da ƙarar nan mai tsini da ke ratsa hayaniyar taro.

Wayar birkin keke silla-silla ce da aka murɗe wuri ɗaya, kuma idan ka warware sili guda a hankali ka sami tsirkiya. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar da ake cika dandali dominsa a Amurka da Turai, da wayoyin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ka yi koyi da himmarsa, amma ka je wurin mai gyaran keke ka sayi taka. Keken Baba da ke jingine a zaure ba shago ba ne. Ranar da ya gangaro da buhu a baya ya matsa birki ya ji wayam, babu waƙar da za ta wanke ka, ko da kai ne ka gaji Ɗan Maraya. Sannan ka zaɓi silin da bai yi tsatsa ba kuma bai lanƙwashe ba, domin inda waya ta taɓa karyewa, nan za ta tsinke, kuma ba ta tsinkewa sai amarya ta iso.

Na uku: gurmi da zaren masunta

Mutanen Ƙaraye sun yi dace, domin madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 tana ƙasarsu, kuma inda masunta suke, zaren nailan ba ya yankewa. Wannan zaren kamun kifi ya daɗe da zama tsirkiyar makaɗa a Afirka ta Yamma, har masu kiɗan kora na Senegal da Gambiya da shi suke amfani. Yana da taushi a yatsa, muryarsa kuma a dunƙule take, abin da ya dace da ƙwaryar gurmi. Saurari kiɗan Haruna Uji na Haɗeja, ko na Malam Mamman Barka na Nijar, ka ji yadda gurmi ke magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba.

Kada ka sa wa tsirkiyoyin kauri ɗaya. Ɗaya ta fi kauri ta riƙe gindin kiɗa, ɗaya ta fi siranta ta yi zance. Ka sayi sabon zare, domin wanda ya sha rana da ruwa a bakin dam ya riga ya gaji, yana jira ne kawai ka taɓa shi. Kada kuma ka yanko daga fatsar da masunci ya kafa. Masunci mutum ne mai haƙuri da kifi, amma ban da wanda ya taɓa masa kayan aiki.

Sabon nailan yana miƙewa na kwanaki kafin ya tsaya. Wanda ya ɗaura shi da safen biki zai yini yana murɗa, mahalarta su tashi da zaton gyaran gurmi aka gayyace su kallo. Ɗaura shi mako guda kafin ranar, kana gyara ɗaurin safe da yamma.

Na huɗu: izga a hannun mai doki ake nema, ba a gindin doki ba

Goge da kukuma da izga ake goga su, kuma tsirkiyar goge ita kanta gashin wutsiyar doki ce a kan ƙwarya mai fatar guza. Duk daɗin da ka ji a kukumar Garba Supa ko ta Hassan Wayam, akwai hannun wanda ya iya zaɓen gashi a ciki. Dogon gashi ake so, mai ƙarfi, marar ƙulli. Masu haɗa irin wannan kaya a Turai sun fi son na ingarma, domin fitsari yana ɓata na goɗiya.

Hanyar samu ɗaya ce: ka yi sallama da mai kula da barga, ka gaishe shi, ka faɗi buƙatarka. Kada ka laɓaɓa bayan dokin Hakimi ana shirin hawan Sallah da almakashi a aljihu. Idan dogarai ba su gan ka ba, dokin ya gan ka, kuma shi ba ya kai ƙara, nan take yake yanke hukunci.

Idan ka samu, wanke shi da sabulu maiƙon ya fita, ka shanya a inuwa, ka jera silin su ɗauru daidai wa daida. Sili ɗaya da ya saki ya isa ya sa goge ya yi shaƙiƙiyar murya. Shafa ƙaro gwargwado domin izga ta kama. Bayan haka, hannun da ya ci tsire ko ƙuli-ƙuli kada ya kusanci gashin. Mai yana kashe kamun ƙaro, sai ka yi ta goga babu abin da ke fita sai iska.

Na biyar: jita iri biyu ce, kada ka haɗa su

Akwai jitar nailan, akwai ta waya. Duba inda tsirkiya ke ƙarewa a cikinta: idan ɗaure ta ake yi da ƙulli, ta nailan ce, idan kuma 'yan turaku ne ke danne ta a rami, ta waya ce. Wayoyi shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, na nailan kuwa wajen kilo 40. Sa wa jitar nailan waya, ka ba ta 'yan watanni, za ka ga wuyanta ya sunkuya, cikinta ya kumbura. A da da hanjin tumaki ake yin tsirkiyarta, sai a shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ta nailan a birnin New York tare da shahararren makaɗi Andrés Segovia. Saboda haka ragon Sallah ya huta, kada ka bi Inna wurin wanke kayan ciki kana zaɓe.

Idan ta waya ce, lambar da ke jikin fakiti, 10 ko 11 ko 12 ko 13, kaurin siririyar cikinsu take nunawa. Ƙaramar jita, ko tsohuwa, ko ta ɗan koyo, 10 ko 11 ta ishe ta. Babba mai faɗin ƙirji 12 ko 13 ce ke motsa katakonta ta yi amo. Wanda ya fara koyo da 13 don a ce shi namiji ne, yatsunsa za su ba shi amsa kafin la'asar.

Sai kuma ƙarfen da aka naɗe masu kaurin da shi. Mai lamba 80/20, wato kashi 80 jan ƙarfe da kashi 20 tutiya, muryarta tas take, tana farkar da jita mai dusasshiyar murya. Mai ɗan ja-ja, wadda kamfanin D'Addario ya fito da ita a 1974 da ɗan sinadarin fosfaras a ciki, muryarta ta fi ɗumi kuma ta fi jure tsatsa, tana kwantar da jita mai tsiwa. Idan ka shiga Sabon Gari a Kano saye, duba fakitin a cikin haske. Wayar da ta fara tsatsa tun a shago ba za ta gyaru a ɗakinka ba.

Na shida: lura da hunturu da damina

Hunturu yana ɗame fata yana busar da katako, shi ya sa tsirkiya ke tsinkewa da dare ba wanda ya taɓa ta. Idan za ka ajiye abin kiɗa na tsawon lokaci, sassauta ɗaurin, ka nisanta shi da rana da rufin kwano. Da damina fata takan saki, murya ta mutu. Ɗumama ta kusa da wuta, nesa kaɗan, hannunka yana kai. Wanda ya ajiye gurmi a bakin murhu ya tafi hira, ƙauri ne zai kira shi. Kullum ka gama kiɗa, goge waya da busasshen ƙyalle, domin gumi ne abincin tsatsa.

Na bakwai: gwaji yana da lokaci, yana da alƙali

Kada ka gwada sabuwar tsirkiya da tsakar dare, ko lokacin salla, ko kusa da makarantar allo. Fita bayan gari da yamma, ka kaɗa a hankali, ka kaɗa da ƙarfi, ka ji ko muryar tana daɗewa ko tana mutuwa nan da nan, ko akwai zizar da ba a gayyata ba. Abokanka za su ce ya yi ko da bai yi ba, domin suna son a je biki. Ɗauki goro ka je wurin tsohon makaɗi, ka durƙusa ka ce, "Baba, a saurara mini." Zai karɓa ya taɓa sau biyu, ya matsar da jakin da tsirkiya ke hawa da faɗin ƙwayar gero, sai ka ji gurminka ya yi maganar da bai taɓa yi ba.

Irin waɗannan tsofaffi suna raguwa, kuma abin da ke kunnensu ba a rubuta shi a bayan fakiti ba. Samarin Unguwar Hajji da na Ƙaraye da Rogo baki ɗaya, ku neme su tun suna nan, ku koyi zaɓen tsirkiya daga bakinsu. Ku sayi wayarku da kuɗinku, ku roƙi izga da ladabi, ku bar kunne ya yanke hukunci. Allah Ya kai mu bukukuwan kaka lafiya.