Kawu da Lamba 29

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara ashirin yana jan wata tsohuwar mota a garin Gumel wadda gejin manta ya mutu tun zamanin soja. In zai yi tafiya sai ya samu karan dawa ya zura a tanki, ya zaro ya duba inda ya jiƙe. Bai taɓa tsayawa a hanya ba. Ranar da ya fara tsayawa, yana cikin motar da ke da kwamfuta ne, kuma ni na tura.

Sana'arsa sarin riɗi da zoborodo. Bayan wata kaka da kasuwa ta yi masa kyau, ya je Kano ya sayo mota 'yar Amurka, irin wadda har yanzu mutane ke kira 'yar Kwatano ko da ta tashar jirgin ruwan Legas ta shigo. Fenti lafiya, kujerun fata, esi kamar hunturu. Amma abin da ya sace zuciyar Kawu wani ɗan allo ne a bayan sitiyari da ke nuna 29, da haruffa uku a gefe: MPG. Dillalin ya ce masa wannan lissafin shan manta ne. Kawu bai nemi ƙarin bayani ba. Ya dawo Gumel ya sanar da majalisarsu cewa motarsa na yin kilomita 29 da lita guda.

Sai an tuna lokacin kafin a gane nauyin maganar. Tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A irin wannan zamani, mutumin da ya ce motarsa na shan mai kamar babur ya fi mai sabuwar amarya samun masu sauraro. Har wani maƙwabcinsa ya fara tambayar ko akwai irinta.

Wata Alhamis cikin watan Afrilu, ranar kasuwar Maigatari, ya ce in raka shi. Muka biya gidan mai a Gumel, fitilar mai ta riga ta kunna, ya leƙa ta taga ya ce wa yaron ya zuba lita uku.

Na ce, "Kawu, uku fa?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, ina bokon naka? Uku sau ashirin da tara nawa ke nan?"

Na ce tamanin da bakwai. Ya ce to daga nan zuwa Maigatari ashirin da 'yan kai ne, zuwa da dawowa bai kai hamsin ba, sauran kuma gobe za mu je gaisuwa Sule Tankarkar da shi. Lissafin ya fita daidai, shi ya sa na yi shiru. Fitilar ba ta mutu ba, amma Kawu ya ce ai gargaɗi ne irin na Turawa, su da ke tsoron komai.

A but akwai buhunan zoborodo, a kujerar baya akwai wasu abokan cinikinsa uku, kowanne ya ci ya ƙoshi. Muka bi ayarin tireloli da manyan motocin da ke tafiya ɗaukar shanu, a tafi a tsaya, a tafi a tsaya. Kasuwar Maigatari ta Alhamis ba ƙaramar kasuwa ba ce: shanu, tumaki, awaki da raƙuma daga ɓangaren Damagaram da ma can gaba, fatake daga kudu har Legas da Fatakwal, ana ciniki da naira da sefa. A gefen garin kuma ga yankin ciniki maras shinge da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, inda a 'yan shekarun nan aka fi jin sunansa kan harkar zoborodon da ake fitarwa waje. Kawu ya kutsa da motar cikin rairayi har gindin rumfar dillalinsa, domin a gani. Da ya sauka ya ce kada in kashe, a bar esi na aiki, ba ya son ya dawo ya tarar da kujera ta zama kasko. Ya yi fiye da awa guda yana ciniki.

Muna fita garin da la'asar, ba mu yi nisa ba, motar ta yi tari sau biyu. Kawu ya taka totur. Ta yi na uku, ta mutu, ta gangara gefen titi a hankali kamar mai neman wurin kwanciya. Allon kuwa yana nan yana haske, 29 ɗinsa ko gezau, in ban da ya rage ɗan ɗigo a bayansa.

Kawu ya ce wuta ce. Daga baya ya ce baki ne, ya ambaci maƙwabcin nan da ya cika tambaya. Abokan cinikinsa suka tare wata motar haya suka yi mana Allah ya kiyaye gaba. Ni na tura motar zuwa inuwar wata bedi, shi yana riƙe da sitiyari yana ba da umarni ta taga. Wani dattijo a kan amalanken shanu ya rage tafiya, ya dubi motar tun daga gaba har baya, ya ce, "Alhaji, ko a ɗauro ta a baya? Nawa sun ci harawa da safe." Kawu ya ce a'a, hutawa muke.

Neman mai a bakin iyaka kuwa wani karatu ne. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka don daƙile fasa-ƙwauri, kuma tun daga nan mutanen garuruwa irin su Maigatari suka ƙara sabawa da 'yan bumburutu. Ɗan acaɓa ya kai ni wajen wani yaro mai galan a kan tebur, na sayi galan guda da kuɗin da ya fi na gidan mai, gindin galan ɗin kuma a lotse yake, lotsawar da ba ta yi kama da tsautsayi ba. Muka yanke gorar ruwa muka yi mazurari. Motar ta tashi a bugu na uku.

Da daddare na zauna da takarda, abin da ya kamata in yi tun a gidan mai. Haruffan nan uku na nufin mil nawa mota ke yi da galan guda. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, namu na bakin titi kuma lita huɗu in mai shi na tsoron Allah. Mil 29 a galan ɗin Amurka ya kama kilomita 12 da ɗan wani abu a lita guda. Wato ko da allon ya faɗi gaskiya tsantsa, lita ukun Kawu ba za su wuce kilomita 37 ba, ba 87 ba.

Kuma 29 ɗin ma ba tamu ba ce. Matsakaicin lissafi ne tun ranar da aka sake saita shi, kuma alamu sun nuna direban da ya koro motar daga Legas zuwa Kano ne ya tara shi, tafiyar kusan kilomita 1,000, shi kaɗai, ba buhu ba fasinja. Bayan doguwar tafiya irin wannan, 'yan zirga-zirgar cikin gari ba sa saurin motsa lambar. Kwamfutar ba ta leƙa cikin tanki ta ga abin da ya rage. Tana ƙidaya tsawon lokacin da kowace injekta ta buɗe, ta ƙiyasta man da ya wuce, ta raba da nisan da ta ƙirga daga juyawar taya. In an sa taya wadda girmanta ya saɓa da na asali, nisan ya karkace. In injekta ta tsufa ko matsin famfon mai ya canza, ƙiyasin ya karkace. Mota a tsaye da esi kuwa tana iya shan kusan lita guda a awa ba ta yi taku ɗaya ba, wato kusan sulusin man Kawu a gindin rumfar dillali ya ƙone, yana sanyaya kujerar da ba kowa a kanta sai ni.

Da na kai masa bayanin, ya ce to ai masu ƙera motar ne maƙaryata. Ba zan ce bai da hujja ko kaɗan ba. A 2014 gwamnatin Amurka ta ci Hyundai da Kia tarar dala miliyan 100 saboda sun zuzuta ƙarancin shan man wasu motocinsu, sai dai a takardar da ake liƙawa a gilashin sabuwar mota ne, ba a allo ba. Allon kansa, da ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada shi a 2021, kuskurensa a matsakaici bai wuce kashi 2.3 cikin ɗari ba, ko da yake wasu motocin sun fi wasu kuskure. A ganina allon ya fi yawancin dillalan mota gaskiya. Matsalarsa da yaren Amurka yake magana.

Kawu ya ce sai ya gani da idonsa. Muka cika tanki har famfo ya yi ƙas, abin da ya ce rabonsa da yi tun kafin a cire tallafi, muka mayar da lissafin tafiya da na shan mai sifili. Ya yi kwana goma yana harkokinsa, Gumel zuwa Gagarawa, Gujungu, Maigatari, da gaisuwar Sule Tankarkar da muka fasa. Muka koma gidan man nan, famfon nan, muka sake cikawa. Lita 33 ta shiga, motar ta yi mil 186, wato kusan kilomita 300. Kilomita tara ke nan a lita. A yaren allon mil 21 ne da ɗan ɗori, shi kuma yana nuna 22. Ya ɗan yabi kansa, amma ba yabon da zai ajiye mutum a gindin bedi ba.

Kawu ya daɗe yana kallon 22 ɗin kamar ɗan da ya faɗi jarrabawa. A majalisa bai janye maganarsa ba, ya dai ce man yanzu ba shi da ƙarfi.

Makon da ya biyo baya ya kai motar wajen wani ɗan rewaya ya ce a cire masa mil ɗin nan a sa masa kilomita. Yaron ya latsa maɓallai ya mayar da allon tsarin Turai, wanda ke nuna lita nawa mota ke sha a kilomita 100. A wannan tsari ƙaramar lamba ce alheri, babba kuwa asara. Allon ya nuna 11. Ba wanda ya yi wa Kawu wannan bayani, ni kuma ina Kano.

Ranar Laraba da daddare ya kira ni, muryarsa cike da murna. Ya ce, "Ɗan nan, motar ta fara farfaɗowa. Shekaranjiya 11, yau da na loda mata buhu takwas har 14 ta kai. Gobe Alhamis, ka shigo motar farko ka raka ni Maigatari."

Na ce to, Kawu. Na ajiye wayar na shiga neman galan ɗin nan mai lotsattsen gindi.