Hawan Mataki a Skyrim, da Dalilin da Maƙera Kan Mutu a Kogo

A wasannin bidiyo da mai wasa ke shiga rigar wani jarumi ya yi rayuwarsa, da lamba ake auna girman jarumin, kuma lambar ita ake kira mataki. Tsarin ya samo asali daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A can jarumi kan tara maki ta hanyar kashe dodanni da kwaso dukiya, idan makin ya cika ya hau mataki na gaba. Wasannin kwamfuta da yawa sun gaji wannan tsari har da abin mamakinsa: mutum ya kashe ɓeraye iya kashewa, ya wayi gari ya iya buɗe kwado.

The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011, ya bi wata hanya dabam. A cikinsa kisa kawai ba ya kawo maki. Abin da jarumi ya yawaita yi, shi yake ƙwarewa a kai, kuma ƙwarewar ce ke ɗaga matakinsa. Tsari ne mai kama da hankali, shi ya sa sabon shiga kan amince da shi tun kafin ya fahimce shi.

Fasahohi goma sha takwas

Fasahohin wasan 18 ne, an kasa su gida uku. Na mayaƙi su ne makamin hannu ɗaya, makamin hannu biyu, harbin baka, kariya da garkuwa, sulke mai nauyi da ƙira. Na matsafi su ne sihirin ɓarna, na warkarwa, rufa-ido, kiran iskoki, sauya yanayin abubuwa da ɗaura wa kaya asiri. Na ɓarawo kuwa su ne sanɗa, sane, buɗe kwado, iya baki, haɗa magunguna da sulke marar nauyi. Kowace fasaha tana farawa daga 15, sai ɗan ƙarin da ƙabilar jarumi ke ba shi a wasu, kuma iyakarta 100.

Ana koyon kowace fasaha da aikata ta, ko da aikin bai yi wa mai yi daɗi ba. Ƙwarewar sulke tana ƙaruwa ne idan ana dukan wanda ya sa shi. Sihirin warkar da rauni ba ya ƙara ƙwarewa sai akwai rauni na gaske. Mai haɗa magunguna yana gane amfanin farko na kowane sinadari ta hanyar cinye shi, saboda haka ba laifi ba ne a ga jarumin da aka ɗora wa alhakin ceton duniya yana tauna fiffiken malam-buɗe-littafi a bakin hanya, ya bi da ɗan yatsan Basamude. Wasu sinadaran guba ne, kuma ta wannan hanyar ake gane hakan.

Lissafin hawa

Duk sa'ad da wata fasaha ta ƙaru, jarumi yana samun maki daidai da lambar da ta kai. Daga 15 zuwa 16 maki 16 ne, daga 90 zuwa 91 maki 91. Makin da ake bukata don barin wani mataki kuwa, ana ƙara 3 a kan lambar matakin, a ninka sau 25. Barin mataki na 1 maki 100 ne, barin na 20 maki 575, barin na 30 maki 825.

Da hawa kowane mataki, mai wasa zai zaɓi ƙarin 10 a ɗaya daga abubuwa uku da suka fara daga 100: lafiya, ƙarfin sihiri, ko juriya. Juriya tana zuwa da ƙarin 5 a nauyin kayan da jarumi zai iya ɗauka, wanda ya fara daga 300. Sabon shiga kan fi son wannan, domin ya riga ya cika jakarsa da kwanduna, cokula da curin cuku, kuma bai ga dalilin zubar da ko ɗaya ba.

Bayan haka akwai garaɓasa ɗaya a kowane mataki, wadda ake sakawa a reshen fasahar da aka ga dama, muddin fasahar ta kai lambar da aka gindaya. Mai sanɗa da ya kai 50 zai iya buɗe garaɓasar da ke ninka sukar wuƙa ta ɓoye sau 15. Ɗan sane da ya kai 100 zai iya zare wa mutum tufafin da ke jikinsa, mutumin ya ci gaba da zagaya kasuwa da ɗan kamfai, yana gaisawa da jama'a.

Hanyoyin gaggawa na halas

Wasan ya tanadi taimako. Kusa da ƙauyen Riverwood akwai duwatsu uku, na mayaƙi, na matsafi da na ɓarawo, kowane yana ƙara saurin koyon fasahohin gidansa da kashi 20 cikin ɗari. Barci ma yana da lada: kashi 5 a kowane irin makwanci, kashi 10 a gadon kai ko na haya, kashi 15 ga mai aure da ya kwana gida ɗaya da iyalinsa. Wasu littattafai suna ƙara fasaha da ɗaya da zarar an buɗe su, ba sai an karanta ba. Akwai kuma malamai masu koyarwa da kuɗi, sau biyar kacal a kowane mataki.

Ɗaya daga cikin malaman, maharbin nan Faendal na Riverwood, yakan yarda ya zama abokin tafiya. Abokin tafiya kuwa yana bari a duba jakarsa. Ɗalibi sai ya biya kuɗin darasi, ya buɗe jakar malam ya kwashe kuɗinsa, ya sake biya da su. Malam bai taɓa ƙorafi ba.

A wannan ƙauyen ne kuma sabon shiga kan ɗauki darasinsa na farko a fannin doka. Ya fito da sabon takobi, yana neman abin gwaji, sai ga kaza tana kiwo. Kazar tana da masu ita. Kafin ta gama shure-shure, maƙerin gari da sauran mazauna sun zaro makamai sun yo kansa, mutanen da ɗazu-ɗazu suka ba shi masauki. Idan laifi ya kai mutum kurkuku ya zauna wa'adinsa, yakan rasa wani ɓangare na abin da ya tara na ci gaban fasahohinsa. Kaza ɗaya takan jawo wannan duka.

Hanyoyin gaggawa na wayo

Tun da maimaita aiki ke kawo ƙwarewa, masu wasa sun gano ayyukan da suka fi arha. Akwai masu tafiya suna jefa wa kansu sihirin ɓoye ƙarar sawu ba dare ba rana don ɗaga rufa-ido. Akwai masu tsayawa kan gawa suna jefa mata sihirin kama kurwa, ko da yake kurwar ta daɗe da tafiya. Akwai masu hawa dutse zuwa High Hrothgar, mazaunin dattawan Greybeards masu zaman ibada, su laɓe bayan tsoho yana tsaka da tunani su soke shi, su koma gefe har ya manta, su dawo. Akwai masu kifa wa mai kanti bokiti a ka, su kwashe kantin a gabansa.

Wadda ta fi shahara ita ce wuƙar baƙin ƙarfe. Curin ƙarfe ɗaya da siririyar fata ɗaya suke ba da wuƙa ɗaya, kuma a farkon fitowar wasan ladan ƙira bai dogara da darajar abin da aka ƙera ba. Sai jarumai suka tare a maƙerar birnin Whiterun suna buga wuƙaƙe ɗaruruwa, dodanni masu fiffike na ƙone ƙauyuka suna jiran su gama. Daga baya gyara mai lamba 1.5 ya ɗaura ladan a kan darajar kayan, masu wayo suka koma ƙera zobban zinariya.

Inda gizo ke saƙar

Duniyar wasan tana girma tare da jarumi. Yawancin abokan gaba ana zaɓo su ne bisa matakinsa, kuma matakin bai san daga ina makin ya fito ba. Wanda ya kai ƙira daga 15 zuwa 100 ya tara maki 4,930, wato ya isa mataki na 17 ko da bai taɓa kai wa kowa sara ba. Ya ƙara da haɗa magunguna da ciniki, sai lambar ta ƙara yin sama.

Ranar da irin wannan jarumi ya shiga tsohon kabari, draugr, wato gawarwakin mayaƙan da da ke tashi su tare baƙo, ba za su tambaye shi sana'arsa ba. A matakan farko ramammu ne masu faɗuwa da sara kaɗan. Lamba na hawa, manyansu na fitowa, har da masu tsawar da ke fizge makami daga hannun mutum ta wurgar. Jarumin yana sanye da sulke mai kyau da ya ƙera da hannunsa, amma ƙwarewarsa ta takobi tana nan inda aka haife ta. Kamar tela ne da ya ɗinka wa kansa warki mai kyan gaske, aka ga warkin aka tura shi fili ya kama da Sarkin Kokawa. Yakan tsaya tsakiyar faɗa ya buɗe jaka ya cinye curin cuku da yawa a jere don maido da lafiya, abin da wasan ya halatta, sannan a kashe shi da cikakken ciki.

Ba kowane maƙiyi ke bin mataki ba. Samudawan da ke kiwon giwaye masu gashi a filayen Whiterun ƙarfinsu ɗaya ne tun ranar farko. Ƙaramin jarumi da ya matsa musu, kulki ɗaya ke aika gawarsa sama har ta hango lardin gaba ɗaya.

Matsalar maƙiyan da ke girma tare da jarumi ta fi tsanani a Oblivion, wasan da ya gabaci Skyrim a 2006. A can tsalle fasaha ce mai zaman kanta, gudu ma haka, saboda haka masu wasa kan ratsa ƙasa suna tsalle-tsalle daga gari zuwa gari. Sai an kwanta barci ake hawa mataki, kuma mai yawan hawa kan tarar da 'yan fashin hanya sanye da sulken da ya fi abin da suke nema a wurinsa tsada. Skyrim ya soke tsalle da gudu daga jerin fasahohi, ya kuma sa wa wurare da dama iyakar ƙasa da ta sama ta ƙarfin maƙiya. Maganin da ya rage ga mai wasa shi ne ya riƙe fasahar faɗa ɗaya da ta kariya ɗaya su riƙa tafiya tare da matakinsa, sana'a ta biyo baya.

Ƙarshen tsani

Da farko, wanda ya kai dukan fasahohi 18 zuwa 100 yakan tsaya a mataki na 81, da garaɓasa 80 a hannu. Waɗanda ke da ƙarin wasan mai suna Dragonborn, da sun kai mataki na 80 wani mayaƙi mai baƙin sulke kan zo ya nemi a yi faɗa da shi har mutuwa, domin ya rasa abokin karawa. Shi ma ba ya tambayar ko da wuƙaƙe aka hau.

A 2013 gyara mai lamba 1.9 ya cire iyakar. Fasahar da ta kai 100 ana iya mayar da ita 15, a karɓi garaɓasar da aka zuba mata, a sake hawa daga tushe, makin kuma ya ci gaba da ɗaga mataki. Garaɓasar rassan fasahohin 251 ce, saboda haka mai son mallakar su duka sai ya kai mataki na 252. Hanyar zuwa can ita ce jarumi ya manta da sana'arsa da gangan, ya koma maƙera, ya nemi curin ƙarfe da fata.