Ɗigo Miliyan Takwas

Da Gasar Cin Kofin Duniya ta Katar ta ƙarato a 2022, na kwashe kuɗin adashen da uwargida ta ware don rufin kicin, na sayo talabijin mai inci 55. Mai shago ya ce 4K ce: ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan. Ban san me suke tsinanawa ba, amma na haddace lissafin. Duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni a majalisa sai na biya masa. Har alkawari na yi za a ga zufar Messi.

Ashe talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka ba ta shi take shimfiɗawa. Tsohuwar dikodata kuwa ɗan abin da take turowa bai taka kara ya karya ba. 'Yan wasa suka fito kamar an zana su da gawayi an yayyafa ruwa.

Ranar wasan ƙarshe, 18 ga Disamba, Ajantina da Faransa, falona ya cika har da surukina. Na jawo tsohuwar kwamfutata na jona, wai zan kamo hoto garau ta intanet a wani shafi na kyauta. Ɗan ƙanwata ya matso ya rage murya: "Kawu, Windows 7 ce fa. Tun Janairun 2020 aka daina toshe mata ɓaraka, gida ne ba ƙyaure." Na ce, "Yaro, tun kana zanen goyo nake danna kwamfuta." Na hango wani ƙaton koren maɓalli, na danna shi da yatsa ɗaya, ina kallon jama'a.

Tagogi suka yi ta buɗe kansu. Wata ta ce na ci kyautar waya. Na rufe ɗaya, uku suka fito. Daga shagon mai shayi muka ji ihu, ba a rufe baki ba muka ji na biyu: Mbappe ya rama wa Faransa ƙwallo biyu, mu muna kallon tallar maganin tumbi. Sai linzamin kwamfutar ya ƙame. Wata baturiya da ba ta gama sa kaya ba ta cika inci 55 ɗin nan, wai tana kusa da unguwarmu tana nemana. Na laluba rimot, ashe ina zaune a kansa.

Ɗaya bayan ɗaya aka nemi takalma. Surukina ne na ƙarshe. Ya gyara hularsa, bai dube ni ba, ya ce, "To, Malam, hoto kam ya fita."