Kishiyar Kaka a Tsakiyar Teku

Cikin dabarun da mu masu furfura muka ƙirƙiro na wahalar da kanmu da kuɗin aljihunmu, ban ga wadda ta kama ƙafar ɗaukar jikoki zuwa doguwar tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa ba. A Amurka da Turai abin ya zama yayi. Mutum ya yi ritaya, kuɗin sallama ya shigo, sai ya kira 'ya'yansa ya ce su huta, shi da uwargida za su tafi da yara teku na mako biyu ko uku don a shaƙu. Iyayen yaran, da yake sun san abin da suka haifa, ko tayin gardama ba sa yi. Jiki na rawa suke sa hannu a takardar amincewa da kamfanonin jirage ke nema daga mai tafiya da ɗan da ba shi ya haifa ba, su raka tsofaffi har bakin tasha, suna ɗaga hannu da wani irin murmushi da ya kamata ya sa mai hankali ya tsargu. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, daɗin wannan tafiya ko azabarta yana hannun 'ya'yan wasu mutane da kaka bai taɓa gani ba. In akwai su a jirgin, jikoki za su watsar da shi ya tsira. In babu su, jikoki za su manne masa ya gane kurensa.

A fara da wurin da za a yi zaman. Jirgin Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawansa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. Yana da wuraren ninkaya bakwai da manyan bututun zamiya na ruwa shida. Wanda ya ji wannan lissafi sai ya ɗauka fili har ya yi yawa. To amma a yawancin jirage, ɗakin da mai matsakaicin ƙarfi zai iya biya, musamman na can ciki wanda ko taga ba shi da ita, in ka miƙe tsaye ka yi taku biyar ka ci karo da bango. Gadon yara daga jikin bango ko rufi ake sauko da shi da dare. A nan mutum huɗu za su jibge akwatuna da takalma da jiƙaƙƙun kayan ninkaya da magungunan hawan jini. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa ba a halicce shi don zama ba. Ƙarfin da ke jikinsa dole ne ya sami mafita, in bai ƙare a kan sa'ansa ba, to a kan gwiwar kakansa zai ƙare, gwiwar da ta riga ta yi shekara 70 tana bauta ba hutu.

Sai kalanda, wadda ita ce tarkon da tsofaffi ba sa gani. Gajerun tafiye-tafiye na kwana uku zuwa bakwai, irin na tsibiran Karebiyan lokacin hutun makaranta, cike suke da yara har sai mutum ya dinga duba ƙasa kada ya taka wani. Doguwar tafiya kuwa ta masu lokaci ce, masu lokaci kuma su ne waɗanda suka gama aikin gwamnati da na kamfani. Tun a 1922 jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya zagaya duniya da masu yawon buɗe ido cikin kwana kusan 130, kuma har yau jiragen zagaya duniya wata uku ko huɗu suke yi, yawancinsu a Janairu suke tashi, daidai lokacin da kowane yaro ke cikin aji. Jirgin Serenade of the Seas da ya tashi a Disambar 2023 ma dare 274 ya yi. Akwai kuma jiragen da ke sauya sheƙa sau biyu a shekara tsakanin Karebiyan da Bahar Rum, su kwashe kusan mako biyu a hanya, kuɗinsu da sauƙi ƙwarai. Wannan sauƙin ne ke jawo kaka, ya manta cewa araha ba ta ado. Bai lura ba cewa cikin mako biyun akwai kwana shida ko bakwai a jere da ba a ganin komai sai ruwa, gabas ruwa, yamma ruwa. A irin wannan jirgi jikokinsa biyu su ne kaɗai yara cikin dubban 'yan fansho. Abin nishaɗin da aka tanada shi ne lacca a kan tarihi, da wasan karta, da shan shayin la'asar, da rawar da ake yi a hankali don kada ƙugu ya goce. Don haka kaka shi ne doki, shi ne gola, shi ne alƙalin rigimar wa zai kwana a gadon sama. Likitoci kuma sun tabbatar cewa yara daga shekara 2 zuwa 12 sun fi kowa saurin jiri da tashin zuciya a abin hawa, saboda haka in teku ta motsa, shi ne kuma mai riƙe leda. Yaro ya ce, "Kaka, yaushe za mu isa?" Babu amsar da ba za ta jawo kuka ba, domin gaskiyar ita ce saura kwana biyar.

A juya yanzu ga jirgin da Allah ya sa akwai 'ya'yan wasu. Manyan kamfanoni suna da ɗakunan wasan yara da ma'aikata na musamman: na Royal Caribbean sunansa Adventure Ocean, na Carnival Camp Ocean, na Disney kuma Oceaneer Club. Ana raba yaran rukuni-rukuni gwargwadon shekaru, daga ƙanana har matasa 'yan 17. Ranar farko jika yana laɓe a bayan kakarsa, yana riƙe da gefen rigarta, yana cewa shi ba zai shiga ba. Rana ta biyu sai an lallashe shi ya fito cin abinci. Rana ta uku tun kafin tsofaffi su gama neman tabarau ya sa takalmi yana tsaye a bakin ƙofa. Mu a al'adarmu kaka mace jikanta mijinta ne, kaka namiji kuma jikarsa amaryarsa ce, ana tsokana ana dariya. To a tsakiyar teku ne ake yi wa tsohuwa kishiya ba tare da an ba ta kayan faɗar kishiya ba. Wata 'yar shekara bakwai mai giɓi, daga Birazil ko Jamus, wadda ko harshe ɗaya ba sa yi da angon, ita ce yanzu ta mallake shi. Su wuce a guje da askirim a hannu, kaka ta ɗaga hannu ta kira sunansa, ya waiwayo ya ce, "Kaka, sai an jima," da muryar mai gaisawa da tsohuwar maƙwabciya. Ciwon yana da zafi, ban musa ba. Sai dai wannan ciwon shi ne ya ba ta damar yin barcin rana na farko tun da aka bar tasha.

Mai gardama na farko zai ce shi ya biya kuɗi ne don ya zauna da jikokinsa, bai biya don ya yi wa 'ya'yan wasu dakon abokai ba. Maganarsa tana da nauyi, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, ga na tikiti, ga tukuicin ma'aikata da yawancin jirage ke cira kowace rana a kan kowane kai, har da kan yaro. Amma a tambaye shi wane irin zama yake nufi. Awa goma sha shida a rana da yaron da ya gundura sunansa tsare fursuna, kuma ba a san wane ne fursunan ba. Yaron da ya wuni da sa'anninsa kuwa yakan dawo teburin abincin dare da labari cike da baki: wa ya ci gasar, wa ya yi kuka, yadda ake cewa kifi da wani harshe. Awa biyun nan da yake zuba, kaka yana saurare, sun fi wancan dogon wunin na "bari" da "sauko" da "kada ka taɓa" albarka. Jika ba ya tuna yawan awannin da ya yi a gefen kakansa. Abin da yake tunawa shi ne wane ne ya kai shi wurin da ya fi ko'ina daɗi, kuma ladan nan gaba ɗaya na tsohon ne, ko da shi yana can yana munshari a kujerar shan iska.

Mai gardama na biyu ya fi na farko hujja. Zai ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaya za a saki yaro cikin yaran da ba a san tarbiyyar gidansu ba, a kan wani abu da ruwa ya kewaye ta ko'ina? A nan ba zan yi wasa da gaskiya ba: jirgi mai mutum dubu biyar gari ne, kuma kowane gari yana da nagari da mugu. Amma a duba yadda aka tsara abin. Ƙananan yara ba sa fita daga ɗakin wasa sai babban da aka rubuta sunansa ya zo ya sa hannu. Ana ɗaura musu abin hannu mai nuna inda za a kai su in an yi gaggawa. Wasu kamfanoni, ciki har da Carnival da Royal Caribbean, suna hana 'yan ƙasa da shekara 18 yawo su kaɗai bayan ƙarfe ɗaya na dare. Dokar Amurka ta 2010 ta wajabta wa jiragen da ke ɗaukar fasinja a tashoshinta shingen gefe da bai gaza inci 42 ba. Abin da ya rage na kaka ne, kuma ba mai ɗauke masa: ya san abokan da iyayensu, ya kafa dokar ba shiga ɗakin kowa, ya tsaya da kansa a bakin wurin ninkaya tunda ba kowane jirgi ne ke da masu gadinsa ba. Sai wata doka da ake mantawa har ranar ƙarshe. Katin buɗe ɗaki shi ne kuma katin sayayya, kuma yaro mai sababbin abokai mutum ne mai kyauta. In ba a toshe katin tun ranar farko ba, ranar sauka za a miƙo wa tsoho takarda ya ga ashe shi ne ya ɗauki nauyin wasan na'ura da alewar yaran ƙasashe huɗu.

Na uku zai ce tafiya mabuɗin ilimi ce, shi ya kawo yara ne su ga kufan Rumawa da dutsen ƙanƙara na Alaska, ba su ɓata lokaci da abotar da za ta mutu ranar da aka sauka ba. Gaskiya ne yawancin wannan abota a bakin tasha take ƙarewa, da kuka da musayar lambobin da ba za a kira ba. To sai me? Tsohon da kansa ya yi makonni yana hira da maƙwabcin teburinsa a kan ciwon baya, sun yi alkawarin ziyartar juna, kuma dukansu sun san ƙarya suke. Game da ilimi kuwa, yaron da aka ja shi shi kaɗai cikin rana ana nuna masa ginshiƙan dutse, abin da zai riƙe shi ne ƙafarsa ta yi ciwo. In abokinsa na cikin ayarin, sai ginshiƙan su zama wurin gasa, kowa na son ya riga ɗan'uwansa amsa tambayar mai jagora. Ƙari a kan haka, yaron da ya koyi yadda ake shiga wasa da wanda ba ya jin harshensa ya samo darasin da babu shi a jadawalin kowace tasha. Haɗarin da ke nan ɗaya ne: jirgi ba ya jiran wanda ya makara, kuma yara biyu da suka haɗa kai sun fi yaro ɗaya iya ɓacewa a shagon tsaraba minti goma kafin a janye gada.

Hujjar da ta fi ƙarfi ma kamfanonin da kansu suka ba da ita, domin sun daɗe da gane cewa tsoho da yaro ba abu ɗaya suke nema a teku ba. Viking da Virgin Voyages ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Saga ta Ingila don 'yan shekara 50 zuwa sama aka yi ta. Disney kuwa, tun da ta fara da jirgin Disney Magic a 1998, kan yara ta gina kasuwarta. Su da suke da rajistar miliyoyin fasinja sun raba layi, sai kaka shi kaɗai yake tunanin ƙaunarsa za ta maye gurbin filin wasa. Wannan magana ta fara matsowa kusa da mu, tunda daga ƙarshen 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara yawo da iyalai daga Jidda a Bahar Maliya, kuma ba za a daɗe ba wani alhaji zai ga ya dace ya haɗa Umara da kai jikoki teku.

Don haka duk tsohon da wannan sha'awa ta kama, kafin ya tambayi yawan ƙasashen da za a je ko irin abincin da za a ci, ya tambayi mai sayar da tikiti yara nawa ne sa'annin jikokinsa suka yi rajista. Ya daidaita tafiyar da hutun makaranta, ya fara da ta mako ɗaya kafin ya yi gigin ta wata guda, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In an ce masa yara sun cika jirgin, ya biya, ya toshe katin, ya karɓi kishiyar uwargida hannu bibbiyu. In an ce babu ko ɗaya, ya mayar wa iyaye 'ya'yansu, ya ɗauki uwargida su tafi su biyu.