Allura Ta Hau, Kowa Ya Zama Makanike

A layinmu, da watan Afrilu ya kama, in kana son sanin mai tsohuwar mota sai ka leƙa but ɗinsa. Kowa da jarkarsa ta ruwa, wani tsohon galan na baƙin mai, wani ƙullin ruwan leda. Motocin namu kuwa duk sun ga jiya sun ga yau: Fijo 504 da 505, irin waɗanda kamfanin Kaduna ya harhaɗa bayan buɗe shi a 1975, da 406, da Golf da Sharon da suka shigo ta Kwatano bayan sun gama wa Bature aiki. Rana ta wuce digiri 40, ga cunkoson Kurna, ga inji mai shekara talatin. Bayan la'asar a majalisa zancen ɗaya ne: "Alhaji, tawa jiya saura ƙiris allura ta taɓa ja."

Mu dai ba ma barin mutum shi kaɗai a bakin titi, wannan halinmu ne mai kyau. Kana buɗe bonet mutum biyar sun kewaye ka. Sai dai taimakon farko da muke kawowa shi ya fi ba ni tsoro: wani ya naɗe tsumma a hannu ya nufi murfin lagireto. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana danne na cikin mota, shi ya sa yake kaiwa wajen 120 bai tafasa ba. Kana murɗe shi, ruwan ya tafasa lokaci guda ya yo sama, fuska da ƙirji. Yaran gareji da yawa suna ɗauke da tabon wannan a dantsensu. Wanda ya tsira daga ƙuna kuma sai ya hau fasa ruwan leda mai sanyi yana ɗura wa injin da ke huci. Top silinda na yawancin motocin nan alminiyon ne, zafi da sanyi suka haɗu masa farat ɗaya, ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Abin da ya kamata shi ne a kashe AC, a faka a inuwa, a kashe inji, a ba shi rabin awa ko fiye, sai tiyon sama ya yi sanyin da hannu zai iya riƙewa.

Washegari sai gareji, maganar kuwa mun haddace ta. "Oga, tamostat ne. Don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, mu nan ba ma buƙatarsa." A cire a jefar, mai mota ya yi godiya. Ban ga laifin makanikai gaba ɗaya ba, don tamostat yakan maƙale a rufe ya hana ruwa zuwa lagireto, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. To amma gwada shi ba wuya. Akwai wani dattijon makanike a bayan layinmu, na sha ganin yana ɗaure shi da waya ya zura a gwangwanin ruwa kan murhun mai shayi. Ya tsuguna yana kallo, kafin ruwa ya tafasa sai ka ga bakin ya fara buɗewa a hankali. A jikin kowanne an buga lambar zafin da yake buɗewa, galibi tsakanin 82 da 90. In ya buɗe, ba shi ne ɓarawon ba, a mayar da shi. In bai buɗe ba, a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo mai kyau. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Aka bar shi ba tamostat, da safiyar hunturu zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur, ƙarfe yana cin ƙarfe. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe wata gajeriyar hanya a ciki, in babu shi wani ruwan can zai yi ta kewayawa bai leƙa lagireto ba.

Sai ɗan'uwan cire tamostat, haɗa fanka dairek. Fiyus ne ya ƙone, ko rile, ko ɗan suwic ɗin da ke jin zafi ya tashe ta, amma maimakon rewaya ya bi waya ya gano, sai ya jona ta da makulli ta yi ta gudu ba hutu. Ran da motar fankar ta ƙone, ba wanda zai lura sai tururi ya tashi.

Dattijon nan ba ya taɓa sifana sai ya yi tambaya. "Yaushe take yi maka, Alhaji?" In ka ce a gosulo take hawa, da ka samu hanya ta sauko, ya ce fanka ce. In ka ce a cikin gari lafiya lau, sai ka miƙi hanyar Zariya ka taka sosai, ya ce ko lagireto ya toshe ko watafam ya gaji. In kullum da safe sai ka ƙara ruwa, ya sa ka kwana da kwali a ƙarƙashin inji, da safe a ga inda ya ɗiga. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, yana neman wanda ya yi laushi ko ya kumbura, da farin tabo a bakin kilif. Ya taɓa fambel ya ji ko ya saki. Ya juya murfin lagireto ya duba robar, don sau da yawa ita ce ta tsattsage, kuma a duk kayan nan ita ta fi araha. Inji ya ɗan huce, ya cire wayar fanka, ya shafa tafin hannu a fuskar lagireto. Inda ya ji sanyi alhali gefensa da ɗumi, nan ruwa ba ya bi.

Me ya toshe shi? Mu ne. Ruwan rijiya da na burtsatse muke zubawa shekara da shekaru, yana barin farin dutse irin wanda ke kama cikin butar shayi, ga tsatsa har ruwan ya koma ja. Ruwan kulan da muke ganin tsadarsa, babban aikinsa a ƙasarmu hana wannan ne. In lagireto ya huje kuma, wani ya ce a zuba garin barkono, wani ya ce ɗanyen ƙwai. Zai iya kai ka gida daga daji, ban musa ba, amma abin da ya toshe huda shi zai toshe siraran hanyoyin ruwa. Ta waje ma ƙurar hunturu da ƙwari sun cike fuskar, iska ba ta ratsawa. Da yawan waɗanda suka sayi lagireto dabul sel, wanki kawai nasu ke so.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarshen duk wannan gasket ne, kuma masu motocin nan ba masu kuɗi ba ne. Wani da ita yake kabu-kabu, wani ita ke kai yara makaranta. Alamun ƙonewar gasket a fili suke. Ka buɗe lagireto da safe inji na sanyi, ka tayar, ka ga kumfa na ɓulɓulowa ba tsayawa. Farin hayaƙi a salansa ko bayan mota ta ɗumama. Baƙin mai ya yi fari-fari ya yi kauri a murfi. Ruwa na ƙarewa, ƙasa kuma a bushe.

In ta kai ga haka, don Allah kada a yarda da "sa sabo mu ɗaure". A kai top ɗin a auna fuskarsa, in ya lanƙwashe a goge shi a inji. A ɗaure notuna bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba. A koma a nemo abin da ya fara kawo zafin, in ba haka ba sabon ma ƙonewa zai yi. A cika ruwa a fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Sannan a bar ta a silo, ana tsaye a kanta, har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta, kafin a miƙa wa mai ita makulli.