Ka Ce Sayen Jirgin Shugaba Kamar Sayen Mota Ne?

Zauna, Malam, zauna. Tun daga bakin ƙofa na hango ka kana taɓe baki, wai mene ne abin ɓata tawada a kan sayen jirgi. Mai kuɗi ya shiga kasuwa, ya nuna wanda ya yi masa, ya biya, direba ya ja. Ko ba haka ka ce ba? To, Amurka ta shiga wannan kasuwar tun watan Janairun 2015, ta nuna Boeing 747-8, ta ce shi zai gaji jirgin shugabanta. Aka yi mata alkawarin 2024. Shekarar ta zo ta wuce, 2025 ta bi bayanta, direba bai ja ba. Kai da tela ya riƙe maka ɗinkin Sallah sati biyu ka kusa kai shi gaban mai unguwa, a nan wa za ka kai wa ƙara?

Bari in fara cire maka wata ƙaya. Ka ce Air Force One sunan jirgin ne? Haba, Malam, kada ka faɗi haka a majalisa, yara su ji. Laƙabi ne da ake kira a rediyo, kuma duk jirgin sojan saman Amurka da shugaban ya hau, komai ƙanƙantarsa, sunansa ke nan har mai gidan ya sauka. Inda sarki ya zauna nan ne karaga, ko da buzu ne. Ranar 9 ga Agustan 1974 Richard Nixon ya bar mulki, ya hau jirgi zai tafi gida Kalifoniya. Suna sama a kan jihar Missouri aka rantsar da Gerald Ford, nan take matuƙin ya kira ƙasa ya ce a sauya musu suna. Jirgi ya tashi da rawani, ya sauka da hula.

Waɗanda ake son yi wa ritayar tagwaye ne, ƙirar 747-200B, masu lamba 28000 da 29000. Na farkonsu ya kama aiki a 1990, zamanin Bush uba. Lissafa da kyau, wataƙila ya girme ka. Na san abin da ke bakinka: ai tsohon ƙarfe ya fi na yanzu ƙwari, a ci gaba da lallaɓawa. Da me? Kamfanonin jigilar fasinja sun daɗe da jingine wannan ƙirar, kayan gyaranta sun zama sai an tona, wani abin ma sai an sa a ƙera shi musamman. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar Fijo ya san ranar da bakanike zai kalle shi ya ce, "Alhaji, wannan ba a kawo shi yanzu."

Ka ce to a buɗe ciniki, kowa ya kawo hajarsa a taya? Madalla da wannan basira, sai dai kasuwar rumfa biyu ce kacal. Amurkawa sun kafe sai babban jirgi mai inji huɗu, kuma a duniya irinsa biyu ake ƙerawa a lokacin: 747-8 na Boeing da A380 na Airbus. Tun 2009 masu Airbus suka ce ba da su ba. Saura rumfa ɗaya. Ka taɓa taya rago ana gobe Sallah alhali mai shi ya san shi kaɗai ya rage a turke?

Ka ce inji huɗun na mene ne, tunda Japan ta koma 777-300ER mai inji biyu a 2019, kuma Sarkinta bai faɗo ba? To, a nan ka ɗan same ni, amma kada ka saba. Injinan zamani biyu sun isa ƙetare kowane teku, wannan gaskiya ne. Hujjar Amurkawa ita ce nasu jirgin ana so ya ci gaba da tafiya ko da an lalata masa wani injin, ga kuma tulin na'urorin da ke zuƙar wuta kamar ƙaramin gari. Ni dai ina zargin akwai ɗan son a sani a ciki. Babba ba ya son ya sauka a filin jirgi a ga na maƙwabci ya fi nasa tsawo.

Yanzu ga inda labarin ya yi daɗi. A watan Disambar 2016, tun kafin a rantsar da shi, Donald Trump ya hau Twitter ya ce kuɗin ya yi yawa, a soke odar. Na ga ka gyara zama, ka ce yawwa, ga ɗan kasuwa ya zo. An kuwa yi ciniki: a 2018 aka tsaya a kan dala biliyan 3.9, da sharaɗin duk abin da ya haura haka, Boeing ne zai cika daga aljihunsa. Don a rage kuɗi aka cire na'urar shan mai a sama. Aka kuma fasa ƙera sababbi daga tushe, aka je hamadar Mojave aka ɗauko wasu 747-8 guda biyu da ke ajiye a Victorville. Na wa? Na wani kamfanin Rasha ne, Transaero, wanda ya karye a 2015 kafin ya karɓi kayansa. Shugaban Amurka a jirgin da aka auna wa Rashawa! Ina masu salati?

Ka ce ashe 'yar Kwatano suka saya? Kai, ji tsoron Allah. Ba su taɓa jigilar fasinja ba. Ɗinki ne da mai shi ya kasa fansa, tela ya rataye. Matsalar ita ce farke ɗinkakkiyar riga a mai da ita ta wani ya fi yanka sabon yadi wuya. Aka kai su San Antonio a jihar Texas aka shiga fiɗa. Tsohon jirgin ma wayoyin da ke cikinsa sun kai mil 238, wato sama da kilomita 380, nisan da ya wuce Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba, kuma an lulluɓe su yadda tartsatsin bam ɗin nukiliya ba zai ƙone na'urorin ba. Sannan ba kowane mai sifana ake bari ya matso ba, sai wanda aka binciki asalinsa ciki da bai. Asarar Boeing a wannan aiki ta haura dala biliyan 2, har shugaban kamfanin na lokacin, Dave Calhoun, ya yarda a 2022 cewa da sun sani da ba su sa hannu a kan waɗannan sharuɗɗan ba. Ɗan kasuwarka ya ci ciniki, amma har 2025 ta ƙare tsohuwar rigar ce a wuyansa.

Ka ce duk wannan almubazzaranci ne, mutum ɗaya zai zauna a kujera ɗaya? Ranar harin 11 ga Satumbar 2001 Bush ɗa ya tashi daga Florida, ya sauka Louisiana, ya wuce Nebraska, sai da yamma ya koma Washington. Yinin nan gwamnatin Amurka a sama ta yi shi, layin waya yana yankewa, hoton talabijin yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da ake saye ke nan: ofis da asibiti da sansanin yaƙi, an liƙa musu fukafukai. Kujerar ita ce mafi araha a ciki. Amma kada ka ɗauka na zama lauyansu. An taɓa ba da kwangilar dala miliyan 23.6 don sauya firij biyu na tsofaffin jiragen, sai da surutu ya yi yawa aka soke a 2018. A wannan kam, matso mu taɓe bakin tare.

Ka ce ya hau jirgin haya kamar kowa? Shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta hau a 2018, ba don ta so ba. Jirgin gwamnatin Jamus ya samu matsala a hanyar taron G20 na Ajantina, ya juyo, ta bi jirgin Iberia, ta iske an buɗe taro ba ita. Bayan nan Jamus ta yi odar A350 guda uku, ba ta tsaya jin shawararka ba.

Saura kibiyarka ta ƙarshe, ina ganinta: ai Katar ta ba su 747-8 kyauta a watan Mayun 2025, magana ta ƙare. Kyautar doki ce, Malam. Mai bayarwa ya huta, mai karɓa ya shiga neman harawa. Jirgin da ya kwana a gidan wani, sai an bi shi lungu-lungu ko an ɓoye kunne a bango, sannan a fara ɗora masa na'urorin tsaro da na sadarwa, duk da kuɗin baitulmali.

Ga wadda zan sallame ka da ita. A watan Janairun 2023 Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe da ya ƙera ga kamfanin dakon kaya na Atlas Air, ya rufe layin. Wato an daina yin sabon jirgin tun kafin shugaban ya taka matakalarsa. Tashi ka je ka ba telanka haƙuri.